Aikin auna talauci: mudu, tiya da kwano sun tsayar min da lissafi

'Yar Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka nake nema. Tattalin arziki na karanta, bayan bautar ƙasa na samu aikin mataimakiyar bincike a wata cibiya, kwantiragin shekara ɗaya. Abin da aka ɗora min shi ne in haɗa jimlar abin da kowane gida yake ci da abin da yake kashewa, daga bayanan da aka tattaro a wasu ƙauyuka na arewa maso yamma, sannan a gwada da layin talauci, wato iyakar kuɗin da wanda bai kai ta ba ake ƙirga shi talaka, a ga kashi nawa ne ke ƙasa.

Shafin abinci ne ya tsayar da ni. Wani gida an rubuta gero mudu 5, wani tiya 3, wani kwano 2. Tumatir kashi-kashi, manja kwalba, shinkafa gwangwani. Teburin juya su zuwa kilo da aka ba ni adadi ɗaya ya ba mudu, ko a wane gari yake. Da na gwada wani adadin, sai ga gidaje da dama sun haye layin, alhali ko ƙwayar hatsi ba ta ƙaru a rumbunsu ba. Oga yana jiran alƙaluma ranar Litinin. Wanne zan bi? Na biyu kuma, tsakani da Allah, aikin nan yana kai mutum wani wuri ko dai wahala ce kawai?

Tsohon Sufabaiza:
Wa alaikumus salam 'yata. Na daɗe ina jagorantar masu tattara bayanai a ƙauye kafin in ajiye aiki, don haka bari in fara da na farkon.

Ki raba abincin gida biyu. Wanda aka sayo a kasuwa, ai an faɗi kuɗin da aka biya, ba sai kin bi ta kilo ba kafin ki san darajarsa. Inda ma'auni ke cizo shi ne abin da aka ɗebo daga rumbu ko aka samu kyauta, domin ke ce za ki sa masa farashi. A nan ki yi ƙoƙarin gwada mudu da mudu, tiya da tiya. Ki duba gidajen ƙauyen da suka sayi gero da tiya, ki jera farashinsu daga ƙarami zuwa babba, ki ɗauki na tsakiya, ki ɗora a kan wanda ya ci tiya uku daga rumbunsa. In masu saye sun yi kaɗan a ƙauyen, ki hau ƙaramar hukuma, in ba su isa ba ki hau jiha. Sai kin rasa wannan gaba ɗaya za ki koma kilo.

Kuma teburin da ya ba mudu nauyi ɗaya daga Kaduna har Sakkwato ba tebur ba ne. Tiyar gero ta wajen Katsina kusan kilo biyu da rabi ce, shi ya sa ake lissafin tiya 40 a babban buhu. Mudun wasu kasuwannin bai kai haka ba. Ga kuma wanda aka cika ya yi tozo da wanda aka shafe baki. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Bankin Duniya sun san da wannan, shi ya sa a binciken gidaje da suke maimaitawa tun 2010 suka riƙa aika mutane kasuwanni da sikeli, suna auna kowane ma'auni shiyya-shiyya, har da hotunan kwanuka da ake nuna wa mai amsa ya ce wanne yake nufi. Ki nemo teburinsu, kyauta ake saukewa a rumbun bayanan Bankin Duniya.

'Yar Tudun Wada:
Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Ashe tun farko ba sai na juya komai zuwa kilo ba. To in na yi haka alƙalumana suka saɓa da na oga fa? Shi ne ya ba ni teburin farko.

Malama a Samaru:
Ki kai masa duka biyun. Shafi ɗaya, sakamako da teburinsa a hagu, sakamako da hanyar da Baba ya faɗa a dama, da layi uku na bayanin dalilin bambancin. Kada ki zaɓa masa a ɓoye, kada kuma ki yi shiru. Shi ke da alhakin hukunci, ke kuma naki shi ne kada ya yanke a duhu. Kuma komai ki yi shi a rubuce cikin fayil ɗin umarni na manhajar lissafi irin Stata ko R. Duk wanda ya buɗe Excel ya gyara lamba da hannu, bayan wata uku ko shi kansa ba zai iya faɗin abin da ya taɓa ba.

Baban Khalifa:
Ku yi haƙuri in shigo da ƙafar hagu. Ni fa ban yarda da waɗannan alƙaluman ba sam. A 2020 aka ce talakawan Najeriya miliyan 83 ne. A 2022 hukuma ɗaya ta fito ta ce miliyan 133. Mutum miliyan 50 cikin shekara biyu? Kuma kullum arewa ce a sahun gaba. Ga yarinya nan da bakinta ta ce canza mudu kawai yana fitar da mutane daga talauci. To me ya rage? Duk wanda ya riƙe kwamfuta shi ke rubuta abin da ya ga dama.

Malama a Samaru:
Baban Khalifa, abu biyu daban ka haɗa. Na 2020 ya fito ne daga binciken rayuwar gidaje na 2018 zuwa 2019. Kuɗi aka auna. Aka ce duk wanda abin da yake ci da kashewa a shekara bai kai naira 137,430 ba, talaka ne. In ka raba, kimanin naira 376 ke nan a rana, da farashin wancan lokacin. Kashi 40.1 cikin 100 suka faɗa ƙasa, kuma ba a sa Borno a lissafin ƙasa ba saboda rashin tsaro ya hana shiga wurare da yawa. Sakkwato da Taraba da Jigawa duk sun haura kashi 87, Legas kuwa kashi 4.5.

Na Nuwamban 2022 ba kuɗi ya auna ba. Tambayarsa ita ce me gidan ya rasa: yara na zuwa makaranta, akwai ruwa mai tsafta, da me ake girki, asibiti na da nisa, akwai aikin yi, an gamu da wata masifa ta tsaro. Alamomi 15 ne a ƙarƙashin fannoni huɗu, bisa tsarin da masu bincike na Jami'ar Oxford suka fito da shi. A nan aka samu kashi 63, wato miliyan 133. Mutum zai iya samun kuɗin cefane amma garinsu babu asibiti babu famfo. Kuma in makircin arewa ne, me ya kai Bayelsa kusa da Sakkwato a saman wannan jerin?

Batun mudu kuwa, gaskiya ne yana motsa gidajen da ke daf da layi. Ba ya mai da Jigawa Legas.

Baban Khalifa:
Malama na ji bambancin, kuma ban san da shi ba. Amma 376 a rana? Ko a 2019 wannan ai cin fuska ne. Yau kuma ko ƙosai da koko ba zai saya maka ka ƙoshi ba.

Malama a Samaru:
A nan ba mu da saɓani. Layin ba ya cewa wanda ya haye shi ya ji daɗi. Yadda ake gina shi, ana duba irin abincin da masu ƙaramin ƙarfi ke ci, a lissafa kuɗin da zai ba jiki ƙarfin da yake buƙata a rana, sannan a ɗora ɗan abin da irin waɗannan gidajen ke kashewa a sutura, haya, sabulu da sauransu. Iyakar ƙasa ce. Kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 aka kuma bar kasuwa ta riƙa yanke darajar naira, wannan adadin ya zama tarihi. Duk mai amfani da shi yau dole ya ɗaga shi da hauhawar farashi. Wannan ma wani ramin ne ga 'Yar Tudun Wada, domin a 2023 da 2024 hauhawar farashin abinci ta fi ta sauran kaya gudu, talaka kuwa yawancin kuɗinsa a abinci yake tafiya. In ta ɗaga layin da ma'aunin farashi na gaba ɗaya za ta samu amsa ɗaya, in ta ɗaga ɓangaren abinci da nasa ma'aunin ta samu wata.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Na yi aikin tattara bayanai a ƙauyukan jiharmu, kuma abin da ba ku taɓo ba shi ne wata. Wane wata aka je gidan? Ka je wa manomi a Nuwamba, rumbu cike, an sai da wake da gyaɗa, yara na shan fura da nono. Ka koma wa mutumin nan a Agusta kafin sabon gero ya nuna, ka tarar ana cin tuwo sau ɗaya, maigida ya tafi ƙwadago gonar wani. Tambayar kuwa ita ce me kuka ci cikin kwana bakwai da suka wuce, sannan a ninka har shekara.

A babban binciken da ƙasashe takwas masu kuɗin sefa na yammacin Afirka suka yi tare a 2018 zuwa 2019, rabin gidajen an je musu bayan kaka, rabin kuma daga bazara zuwa shigar damina, don kada lokaci ɗaya ya rinjayi amsar. Nijar ta fito da kashi 40.8. Na Najeriya kuma an shimfiɗa shi ne a tsawon shekara guda. Ƙanwata, ki duba ranakun da aka yi hira a bayananki. In jiha ɗaya an yi ta a kaka, ɗayar a damina, to ba talaucin jihohi biyu kike gwadawa ba.

'Yar Tudun Wada:
Innalillahi. Yaya, yanzu na duba. Jiha ta farko Disamba da Janairu, ta biyu Yuli. Kuma ta biyun ce ake ta cewa ta fi talauci a daftarin rahoton.

Ɗan Maraɗi:
To wannan ya fi mudu girma. Ki sa shi a saman shafin da Malama ta ce ki rubuta.

Tsohon Sufabaiza:
Tunda an buɗe, bari in ƙara da abin da kwamfuta ba za ta nuna miki ba. Wa aka yi wa tambayar abinci? Sau da yawa yaro matashi ne ake turawa, ba zai shiga cikin gida ba, sai ya zauna a zaure da maigida. Maigida ya san hatsin da ya fitar da kuɗin cefanen da ya bayar. Bai san uwargida ta soya awara ta sayar ta ƙara mai da magi a miya ba. Bai san amarya ta sai wa 'ya'yanta ƙuli-ƙuli da kuɗin kitso ba. Ita ma ba lallai ta so ya sani ba, ga adashe ana zubi a ɓoye. Ita Polly Hill, wata mai bincike 'yar Birtaniya da ta zauna Batagarawa a 1967, ta yi rubutu sosai kan wannan ciniki na cikin gida. A gidan da mata ke girki kwana bibbiyu, in kika tambayi mace ɗaya kawai, kin ji rabin mako.

Sai batun waye ɗan gida. Ƙa'idar ita ce waɗanda ke kwana wuri ɗaya suna ci daga tukunya ɗaya. To ga gidan gandu, uba da 'ya'yansa uku masu aure, da damina tukunya ɗaya, da rani kowa ya koma tasa. Wani mai tattara bayanai ya rubuta gida ɗaya mai mutum ashirin da wani abu, wani ya rubuta gida huɗu. Akwai kuma wanda zai rage mutane da gangan, don kowane suna da ya ƙara, tambayoyin ilimi da lafiya sun ƙaru, ga rana na yi. Na sha kama masu cika takarda a gindin bishiya ba su taka ƙofar gidan ba. Yanzu da ake aiki da kwamfutar hannu abin ya ragu, tana ajiye lokaci da wurin da aka tsaya. Ki duba tsawon kowace hira. Wanda ke gama shafin abinci mai kaya sama da ɗari cikin minti biyar, ki ware aikinsa gefe.

Baban Khalifa:
Ga kuma mutanenmu. Da zarar sun ga baƙo da kwamfuta sun ɗauka rajistar tallafi ce. Mai shanu goma zai ce akuya ɗaya gare shi.

Tsohon Sufabaiza:
Wannan haka yake, musamman tun da aka fara rajistar masu rauni, lokacin da aka riƙa biyan dubu biyar-biyar a wata. Amma akwai kishiyarsa da ba a cika faɗa ba. Wani dattijon kunya ba za ta bar shi ya ce jiya ba a ɗora tukunya a gidansa ba, ga maƙwabta sun kewaye tabarma suna saurare. Sai ya ce alhamdulillahi an ci shinkafa. Shi ya sa ake tambayar abin da aka ci ɗaya bayan ɗaya, ba a tambayar nawa kake samu. Ka tambayi manomi mai ɗan tireda da acaɓa da rani kuɗin shigarsa na wata, shi ma bai taɓa lissafawa ba.

Ɗan Ci-rani a Amurka:
Ina bin zancen tun safe. Irin aikinki nake yi a nan, shekara biyu ake ɗaukarmu kafin mu nemi gurbin digiri na uku. Kada ki ɗauka matsalar ta ƙauyenmu ce kawai. Layin talauci na Amurka wata ma'aikaciyar gwamnati ce, Mollie Orshansky, ta tsara shi a farkon shekarun 1960. Ta ɗauki kuɗin abinci mafi arha ta ninka sau uku, don a lokacin iyali na kashe kusan kashi ɗaya bisa uku a abinci. Har yau shi ake ɗagawa da hauhawar farashi. Kuɗin hannu kawai yake ƙirgawa kafin haraji, ba ya ganin tallafin abinci ko rangwamen haraji da gwamnati ke ba iyalai. Daga 2011 aka fara fitar da ma'auni na biyu da ke ƙirga su. Da wannan na biyun, talaucin yara ya sauka zuwa kashi 5.2 a 2021 lokacin da aka faɗaɗa tallafin yara, ya koma 12.4 a 2022 da tallafin ya ƙare. A ma'aunin farko ba za ka ga wannan hawa da saukar ba.

Nan ma mutane ba sa faɗin duk tallafin da suka karɓa. Bambancin, su suna da takardun haraji da na hukumomi da za a gwada amsar mutum da su. Mu a gida ba mu da abin gwadawa sai hankalin mai aiki.

Tambayarki ta biyu: e, yana kaiwa, amma da sharaɗi. In shekara ta ƙare kin iya ɗaukar ɗanyen bayanai ki kai su har tebur na ƙarshe da umarnin da wani zai sake gudanarwa ya samu abu ɗaya, kin san yadda ake amfani da nauyin samfuri, wato adadin gidajen da kowane gida da aka zaɓa yake wakilta, kuma akwai babba ɗaya da zai rubuta miki wasiƙar shaida yana faɗin takamaiman abin da kika gano, kin ci riba. Batun Yuli da Disamba ɗin nan, irinsa ake rubutawa a wasiƙa.

Maman Ilham:
Ɗan Ci-rani, ka faɗi na daɗin. Ni na yi shekaru ina wannan aikin daga kwantiragi zuwa kwantiragi. Albashi sai ya yi wata biyu bai zo ba ana cewa masu ba da tallafi ba su saki kuɗi ba. Rahoto ya fito da teburan da na kwana ina haɗawa, sunana ko a shafin godiya babu. Ƙanwata, tun yanzu ki tambayi oganki cikin ladabi yadda ake sa suna a abin da za a wallafa, kada ki bari sai an gama. Kuma ki ajiye kwafin umarnin da kika rubuta. Bayanan mutane amana ne, ba naki ba ne, kada ki fita da su. Amma aikin hannunki ki nemi izini ki riƙe, shi za ki nuna gobe.

Malama a Samaru:
Maman Ilham ta yi gaskiya, mu malamai ma muna da laifi a nan. Amma akwai inda zan ja da Baba. Ka yi batun waye ɗan gida, to amma Najeriya raba jimla take yi da yawan kawuna, jariri da ƙato duk ɗaya. Gida mai mutum 15 ba ya buƙatar fitila 15 ko murhu 15, kuma yaro ɗan shekara uku ba ya cin abin da manomi ke ci. Gidajen arewa sun fi girma, sun fi yara. Don haka wannan rabon yana ƙara nauyin talauci a kanmu fiye da yadda zai kasance in an yi la'akari da shekaru. A nan Baban Khalifa yana da ɗan abin kamawa.

Tsohon Sufabaiza:
Malama, a takarda kin fi ni gaskiya. Amma da zarar kin ce yaro rabin babba ne, wani zai ce kashi ɗaya bisa uku ne, kowa ya zaɓi wanda ya yi masa daɗi. Kuma yaron da kika ce ba ya ci da yawa, shi ne mai zazzaɓi duk damina, shi ne mai kuɗin makaranta. Na fi son ma'auni mai sauƙi da kowa ya san aibinsa.

Malama a Samaru:
Sai a nuna duka biyun a rahoto, Baba. Jerin jihohin ba lallai ya juye ba, amma tazarar za ta ragu.

Baban Khalifa:
To ni tambayata ta ƙarshe. Almajiran da ke kwana a tsangaya da shagunan kasuwa, da 'yan gudun hijira, da Fulanin da ke tafe da shanu, a wane gida ake ƙirga su?

Tsohon Sufabaiza:
Daga jerin gidaje ake zaɓo waɗanda za a tambaya, jerin kuma a binciken 2018 zuwa 2019 an gina shi ne a kan taswirar ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi. Wanda ba ya cikin gida zaunanne da wuya ya shigo. Almajiri a ƙauyensu an ce ya yi wata shida ba ya nan, an cire shi. A birni kuma sai in malaminsa ya faɗo cikin samfuri, kuma ya ce tukunyarsu ɗaya, alhali bara suke ci.

'Yar Tudun Wada:
Baba akwai irin wannan a bayanaina. Gida ɗaya mutum 41, maigida malamin allo ne, abincin da aka rubuta kuwa na mutum takwas ne ko tara. Shi ne ya fito mafi talauci a duk samfurin, na yi niyyar share shi a matsayin kuskure.

Tsohon Sufabaiza:
Kada ki share. Ki buɗe jerin mutanen gidan ki duba dangantakar kowa da maigida. In yaran an rubuta su ba dangi ba, ki duba shafin abincin da aka ci a waje ko an cika musu wani abu. In babu komai, ki nemi lambar sufabaizan da ya yi ƙauyen ki kira shi kafin Litinin.